Burtsatse Biyu a Unguwar Kanya

Shekaranjiya ɗaya daga cikinku ya same ni a ofis ya ce in ba shi batun binciken da zai gama cikin sati uku. Na tambaye shi a wane ɓangare. Ya ce, "Kowanne ma, Malam. Ai labarin ƙasa duk ɗaya ne, hoton tauraron ɗan Adam za a sauke a kwamfuta a shafa masa kala." Ban yi masa faɗa ba, don na san ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba. Shi ya sa na ce ku taru yau, kafin kowa ya zaɓi malamin da zai bi, in gaya muku yadda aikin nan yake.

Labarin ƙasa ba ɗaya ba ne. Ku bi barandar nan ku duba ƙofofi. Akwai wanda tun da na san shi ba abin da yake bi sai ruwan sama: yaushe ya sauka, yaushe ya ɗauke, me ya sa shukar fari take ƙonewa. Akwai mai zaizayar ƙasa, shi da ya ga rami yana cin gona sai ya fiddo tef ɗin awo. Akwai mai kasuwanni, wanda zai gaya maka inda buhun dawa ya taso da hannun mutum nawa ya bi kafin ya iso Dutsin-Ma. Akwai masu taswira, 'yan kwamfutar da kuke sha'awa, su ma in ba a kawo musu gaskiya daga daji ba, ƙarya za su shafa wa kala. Ni nawa ɓangaren ruwan ƙarƙashin ƙasa ne. Abin da ido ba ya gani nake nema, a yankin da kusan duk inda ka haƙa dutse za ka tarar.

Aikina na farko da igiya na yi shi. Malamin da ya koya mini, Malam Isiyaku, Allah ya ji ƙansa, ya miƙo mini igiya mai alamomi, a bakinta an ɗaure wani ɗan ƙoƙon ƙarfe wanda da ya taɓa ruwa sai ka ji ya ce ɓul. Ya ce in bi rijiyoyin ƙauyukan Shema a kan keke, kowane mako, tun daga kaka har ruwan farko, in auna inda ruwa ya tsaya. Sharaɗinsa ɗaya, in auna da an sallame asuba, kafin mata su fara ja, domin da guga ya fara aiki ruwa sauka yake yi. Wata Talata na makara, na auna wata rijiya da hantsi, na rubuta kamar ba komai. Da ya duba littafin sai ya ɗora yatsa daidai wurin.

"Lawal, wannan rijiyar shanye ruwanta ta yi ranar Talata, ta kuma amayo shi a mako na gaba?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Ka makara. In ka makara ka rubuta ka makara. Lambar da aka san aibinta tana da amfani, wadda aka ɓoye aibinta ita ke ɓata sauran."

Shi ya koya mini rubutu da fensir, saboda gumi da yayyafi suna wanke biro. Shi ya koya mini in nemi wanda ya haƙa kowace rijiya in zauna da shi, in tambaye shi me ya tarar da zurfi ya kai gaba biyu, me ya tarar a gaba biyar, ina jar ƙasa ta ƙare, ina marmara ta fara. Daga bakin mahaƙa rijiya na fara fahimtar abin da littafi ke nufi. A ƙasarmu wuri biyu ruwa yake zama: inda saman dutse ya ruɓe ya zama kamar gari, da kuma inda dutsen ya tsage can ƙasa. Tsagar nan kuwa ba faɗi ne da ita ba. Ka kauce mata da taku goma, ka haƙa dutse har injin ya gaji.

Kayan aikinmu a lokacin kamfas ne, da guduma, da hotunan da jirgin sama ya ɗauka, waɗanda ake jera biyu a leƙa ta wani madubi sai ka ga tudu ya taso kwari ya lotsa. Daga baya muka samu na'urar da ke aika lantarki cikin ƙasa. Ana kafa turakun ƙarfe huɗu a jere, a ja waya, a danna, a karanta lamba, sai a matsar da turakun a sake. Busasshen dutse ba ya barin lantarki ya wuce, ƙasa mai ruwa kuwa tana barinsa. Ku riƙe wannan: yumɓu ma yana barinsa, ko da babu ruwan da za a iya ja a cikinsa. Na'ura ba ta bambanta su. Mutum ne zai bambanta.

Masu nemana ba 'yan jami'a ba ne. Masu unguwanni ne, da limamai, da masu lambu, da masu gidan kaji, kuma kowa so yake ruwa ya fito a ƙofar gidansa. A Kutawa wani dattijo ya riƙe mini hannu ya ja ni har gindin darbejiyar da yake shimfiɗa tabarma, ya ce nan yake so. Na ce, "Baba, nan dutse ne. Ruwan yana bayan makarantar can." Ya ce to in roƙi ruwan ya matso. Aka haƙa a bayan makaranta, ruwa ya fito, shi ne kuma ya fara alwala da shi. Na yi irin wannan da dama a jere ba a samu kuskure ba, har aka fara cewa in Malam Lawal ya kafa turke a kawo bokiti. Wannan maganar ce ta sa na fara gaggawa.

Shekarar da ta ba ni kashi, a wani ƙauye ne na mazaɓar Tamawa cikin Kurfi, ana ce masa Unguwar Kanya. Rijiyoyinsu ƙafewa suke yi tun kafin bazara ta kama sosai, mata su koma ƙorama suna tonon yashi, tafiyar da ke cinye musu safiya gaba ɗaya. Wani ɗan garin, Alhaji Mamman, mai sayar da hatsi a birni, ya ce zai yi musu burtsatse guda ɗaya sadaka ga mahaifinsa. Mai Unguwa Sale ya zo har nan ya ce ni suke so.

Na buɗe hoton tauraron ɗan Adam, na ga wani layi miƙaƙƙe, baƙi-baƙi, ya ratsa gabashin garin. Irin wannan layin sau da yawa tsagar dutse ce ke nuna kanta a saman ƙasa. Na je da na'ura a ƙarshen damina, lokacin da ko'ina danshi ne, na ja waya a kan layin, lamba ta faɗo yadda nake so. Rabin yini na yi a garin. Ban nemi mahaƙin rijiya ba. Ban tambayi kowa komai ba, sai hanyar fita. Na kafa turke, na rubuta rahoto, na sa hannu.

Ranar haƙa duk garin ya fito. Injin ya ratsa yumɓu mai kauri, ya faɗa dutse, ya yi ta niƙa, farin gari yana tashi, ana ƙara bututu bayan bututu. Da la'asar mai injin ya kashe, ya share hannu, ya ce, "Dakta, nan ko ɗigo babu." Mata suka kwashe bokitansu suka koma gida. Mai Unguwa ya raka ni har mota, ya ce, "Allah bai nufa ba, Malam. Mun gode da wahala." Alhaji Mamman kuwa ya aiko cewa shi ya cika alkawarinsa, kada a sake yi masa maganar.

Labari ya bazu har Kurfi da Dutsin-Ma. Shekarar nan ba mai unguwar da ya taka ofishina. Na ji an sa wa ramin suna Rijiyar Boko. Wani mai lambu da muka riga muka tsayar da rana ya bugo waya ya ce ya samu wani. Na koma wurin ni kaɗai da rani, na bi layin nan da ƙafa daga farkonsa, sai na ga kututturan bini-da-zugu jefi-jefi a gefe biyu. Na tambayi wani manomi. Ya ce, "Wanga ai tsohon burtali ne, Malam. Nan shanu ke bi tun zamanin kakanninmu, daga baya aka nome shi." Takin shekara da shekaru ne ya baƙanta ƙasar. Hanyar shanu na gani daga sama na kira ta tsagar dutse, yumɓu kuma ya gaskata ni.

A ƙarshen barandar nan akwai ofishin Dakta Rabi. Ita ɓangarenta jama'a ne: inda mutane suke zuwa, abin da ke kai su, da lokacin da tafiyar ke ci. A lokacin, mu masu duwatsu da na'ura muna yi wa aikinsu kallon hira ce kawai da takardar tambayoyi. Ni kaina na taɓa faɗin haka a taron sashe. Wata safiya ta yi sallama ta shigo da nannaɗaɗɗiyar takarda.

"Dakta Lawal, na ji abin da ya faru a Unguwar Kanya. Ka san ina aiki a can?"

Na ce ban sani ba.

"Rani biyu ina bin matan garin zuwa ɗibar ruwa. Da ka tambaye ni da na nuna maka wannan."

Ta shimfiɗa takardar. Taswira ce ta hanyoyin da mata ke bi wata bayan wata, kowane wata da kalarsa. Farkon rani layukan sun watsu, kowace unguwa da inda take tonon yashi a ƙorama. Ana shiga bazara sai layukan su fara raguwa, ramukan suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama duk garin wuri ɗaya suke zuwa, wata kwana da ƙoramar ta yi a yamma, gindin wani itacen faru.

"Nan bai taɓa ƙafewa ba," in ji ta. "Ni abin da ya dame ni nisan ne. Dalilin da ya sa ba ya ƙafewa kuwa, wannan naka ne."

Na ɗauko nawa hoton na ɗora a gefe. Ƙoramar tana tafiya kudu salin-alin, sai a daidai farun nan ta karya kwana kamar an tanƙwara ta. Ruwa ba ya yin haka banza, akwai abin da ya bi a ƙasa. Amma wuri ɗaya ba ya ba ka layi. Ina bukatar na biyu.

Ta ce, "To sai ka zo ka gaida Gwaggo Tabawa."

Gwaggo Tabawa ita ce mafi tsufa a matan garin, kuma ƙanwar mahaifin Alhaji Mamman ce. Muka same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Dakta Rabi ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ga abokin aikinta. Tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai Rijiyar Boko?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To mi kake nema kuma?"

Na ce so nake in ji ko an taɓa yin rijiya a garin nan wadda ba ta ƙafewa. Ta ajiye ƙwaryar.

"Yanzu ka yi tambaya. Akwai ta Maikanwa, arewa da gari, sa'ad da aka kawo ni amarya daga ita muke sha. Ko shekarar da aka yi fari ba ta ƙafe ba. Ruftawa ta yi da damina, maza suka ce za su gyara, har yau gyaran suke yi."

Ta sa mayafi ta kai mu da kanta, tana dogara sanda. Wurin ya zama gona, sai ɗan lotsawa kaɗan da wata kanya kore shar a tsakiyar rani. Na tsaya a kai na saita kamfas zuwa farun ƙorama. Tsakanin wuraren biyu na hango suri uku da itatuwa masu ganye a jere, alhali na gefe duk sun kaɗe. Layin ya bi ta bayan gari daga yamma, tazararsa da gidan ƙarshe bai fi jifa biyu ba.

Wannan karon sati biyu na yi, a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ba ta da danshin da za ta ruɗe ni da shi. Na ja waya a kan layin, na ja a gicciye, na ja nesa da shi don in ga bambanci. Na nemo tsohon da ya taɓa yashe rijiyar Maikanwa yana saurayi, ya ce a ƙasanta babu yumɓu, ruɓaɓɓen dutse ne, kuma ruwan ta gefe ɗaya yake tsattsafowa daga wata tsaga. Sannan na je wa Mai Unguwa da maganar.

Ya ce, "Malam, ni na yarda. Amma wa zai tunkari Alhaji?"

Gwaggo Tabawa tana zaune a gefe ta ce a bugo mata shi. Aka sa wayar a amsa-kuwwa. Bayan gaisuwa ta ce, "Mamman, sadakar da ka yi wa ubanka rami ce. Rami kake so a kai mashi?"

"Gwaggo, na kawo inji, na kawo masani, Allah bai ba da ba."

"Masanin nan ga shi gabana. Wancan karon bai tambayi kowa ba, yanzu ya tambaya. Ni na nuna mashi wurin."

Sai ya ce a ba ni wayar. "Dakta, in wannan ma ya fito busasshe fa?"

Na ce, "Alhaji, ba zan ce maka na ga ruwa da idona ba. Amma hujjar da nake da ita yanzu guda huɗu ce, wancan karon ɗaya ce. In bai fito ba, ba zan sake kafa wa kowa turke ba."

Ya ce injin zai zo bayan Juma'a.

Mai injin nan ne dai na farko. Da ya sauko ya gan ni sai ya ce, "Dakta, mun sake haɗuwa." Mutanen da suka fito ba su kai rabin na wancan karon ba, kuma ba wadda ta zo da bokiti. Aka fara da hantsi. Jar ƙasa ta wuce, marmara ta wuce, aka shiga ruɓaɓɓen dutse mai ɗan sanyi a hannu amma ba ruwa. Sai dutse mai ƙarfi, farin gari ya fara tashi irin na wancan karon. Ni ina durƙushe a bakin ramin, duk bututun da aka ƙara sai in ɗebi abin da ya fito in zuba a ƙasa a jere, in murza a tafin hannu.

Bayan azahar mai injin ya rage wuta ya zo kusa da ni. "Dakta, mun kai inda muka tsaya wancan karon. Haƙorin injina nake ci a banza."

Na buɗe masa hannuna. Cikin farin garin akwai 'yan tsakuwoyi manya-manya, gefensu ja kamar tsatsa. Na ce, "Dubi nan. Niƙaƙƙen dutse gari yake fitowa. Wannan ɓallowa ya yi, kuma wannan jan ruwa ne ya taɓa bi ta kansa. Muna bakin tsagar. Ƙara mini bututu ɗaya."

Ya juya tsakuwar a hannunsa, ya dubi Mai Unguwa, ya koma ya tada injin. Bututun bai kai rabi ba ƙarar ta sauya, sandar haƙar ta yi wata 'yar zabura ta nutse da sauri. Farin garin ya ɗauke. Abin da ya biyo baya dunƙule-dunƙule ne masu laima, sai taɓo ya fara fallatsa a rigunanmu, sai kuma ruwa ya yi tsiri sama, ja da farko, yana ta washewa. Mai injin ya ɗaga hannu yana kabbara. Kafin in miƙe tsaye guɗa ta tashi daga cikin gari, mata suna fitowa da gudu da duk abin da hannu ya kai, har da tukunyar miya. Aka bar injin yana hura ramin har la'asar, ruwa bai ragu ba. Mai Unguwa ya riƙe hannuna da nasa biyu, yana ta maimaita alhamdulillahi. Gwaggo Tabawa ta sa aka tara mata a ƙwarya, ta jira ya kwanta, ta kurɓa, ta ce, "Na Maikanwa ne. Na gane ɗanɗanonsa."

Aikin nan ni da Dakta Rabi muka rubuta shi tare, sunanta a gaba. Tun daga lokacin ban sake kafa turke a wani gari ba sai na fara sanin inda mata ke zuwa a ƙarshen bazara, ita ma ta fara aiko mini da ɗalibanta su koyi karanta dutse. Masu unguwanni suka dawo, har da mai lambun da ya ce ya samu wani.

Da rani ya zagayo ta sake yin sallama a ofishina da wata takardar, fuska a ɗaure.

"Dakta Lawal, ka ɓata mini bincike."

Na ce subhanallahi, me na yi?

"Rani biyu ina zana hanyar ƙorama, yanzu ba mai bin ta, har ciyawa ta rufe ta. Dole na sake sabon zane."

Ta shimfiɗa mini. Dogayen layukan nan duk babu su, sai gajeru daga kowane gida zuwa bayan gari. Amma akwai wani layi mai kauri da ban sani ba, ya fita daga garin ya yi kudu. Na tambaye ta wannan kuma wane ruwa suke bi.

Sai ta yi dariya. "Ba ruwa ba ne. 'Yan matan ne, da safe. Hanyar makaranta ce."